Ranar da Tasi'u Ya Zama Lasifika

Tasi'u mutumin Kausani ne, amma duk Wudil an san shi da bayar da hayar lasifika. Biki ne ko suna, za ka gan shi a kan babur da tsohon janaretonsa ɗaure a baya.

Wata rana wata ɗaliba mai suna Rahinatu ta kira shi aiki a jami'a. Ɗalibai da wasu malamai ne suka haɗa gangami, suna neman jami'ar ta janye jarinta daga kamfanonin man fetur. Tasi'u bai tsaya tambaya ba, ya je ya kafa lasifika, ya ja igiyar janareto, inji ya tashi.

Dakta Salim, jagoran malaman, ya karɓi makirufo ya ce, "Hayaƙin fetur ne ke rikita mana damina!" Daidai nan iska ta kwaso hayaƙin janareton ta watsa masa a fuska, ya sarƙe da tari. Jama'a suka tuntsire da dariya.

Rahinatu ta rugo. "Baba, don Allah kashe shi!"

"In na kashe, 'yata, wa zai ji ku?"

Ya dai kashe. Dakta ya yi ta ɗaga murya, na baya ba sa ji. Sai Tasi'u, da ya saba da sanarwar gidan biki, ya haye benci yana maimaita jawabin: "Jama'a, Dakta ya ce a raba jami'a da fetur! Allah ya ja zamanin Dakta!" Wata malama har guɗa ta rangaɗa.

Tun daga ranar shi suke kira duk gangami, da sharaɗin ya bar injin a gida. Shi ma ya kafa nasa sharaɗin: a tanadar masa shayi mai citta saboda maƙogwaro.