Ranar da Osbert Tuppen Ya Ja Baƙi Hawan Tudu

Shekara talatin da takwas Osbert Tuppen ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyen Ashling Coombe, kuma duk da ƙafa, don tun ranar da keke ya zuba shi cikin kududdufin agwagi ya ce shi da keke har abada. Dogo ne siriri mai falka-falkan kunnuwa, takalmansa kullum fari fat da ƙurar allin tuddan yankin. Babu ƙofar da bai san ƙararta ba.

Da ya yi ritaya sai ya zame wa matarsa Maud ƙarfen ƙafa. Sati uku ta daure, a na huɗu ta tare Fasto Hollingdale a bakin coci.

"Fasto, ki rufa min asiri ki samo wa mutumin nan abin yi. Jiya sau uku yana sake min jerin cokula."

Aka yi sa'a ranar Asabar wasu masu yawon ƙafa su goma sha biyu za su zo daga Landan. Suna neman wanda zai kai su ƙololuwar tudun da ke bayan coci, ya dawo da su coci shan shayi ƙarfe uku. Fasto ta ce ai babu wanda ya kai Osbert sanin hanya.

Suka iso cikin rigunan ruwa ja da rawaya, kowa da sanda bibbiyu kamar masu jinyar gwiwa. Shugabansu, Mista Crispin Vane, ya rataya taswira a wuya cikin leda.

"Mista Tuppen, taswira ta ce mu bi hagu."

"Taswirar ta taɓa kai wasiƙa garin nan?" in ji Osbert, ya yi dama.

Hanya ɗaya ce a kansa, wadda ya saba bi da jakarsa. Ƙofar farko ta tsohuwa Misis Funnell ce. Ya buɗe ƙyauren lambu, ya nufi ƙofa, mutum goma sha biyu na biye da shi a jere. Sai da ya ɗaga marfin ramin jefa wasiƙa da ke jikin ƙofar ya tuna hannunsa babu komai. Kunya ta sa ya ƙwanƙwasa.

Misis Funnell, wadda ta yi wata biyu ba ta yi baƙo ba, ta leƙo ta ga taro. "Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Edna. Wucewa muke yi."

"Wucewa ba shayi? Ku shigo!"

Haka aka yi a gida na biyu, da na uku. A na biyar aka ba su kek, a na bakwai wani tsohon manomi ya tilasta musu duba kabewarsa ɗaya bayan ɗaya. A bakin wata gona Osbert ya sa kowa ya yi sanɗa ta bayan shinge saboda mugun kare. Suna tsugune cikin ƙaya mai gonar ya leƙo.

"Osbert, karen nan fa shekararsa tara da mutuwa."

"Na sani. Har yanzu ban yarda da shi ba."

Ƙarfe huɗu ta yi, ba su ko taka gindin tudun ba. Mista Vane ya cika ya batse.

"Yaushe za mu kai sama? Daga nan minti nawa ne?"

Osbert ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar, inda tumaki ke kiwo, ya sosa kunne. "Wallahi ban sani ba. Ban taɓa zuwa ba."

"Ba ka taɓa zuwa ba? A nan fa aka haife ka!"

"To, akwai gida a can ne? Wa zan kai wa wasiƙa, tunkiya?"

Wata mata ta fashe da dariya har sandunanta suka faɗi. Mista Vane ya ce shi dai sai ya hau, ya kama hanya shi kaɗai da taswirarsa. Sauran suka ce cikinsu ya yi nauyi, suka bi Osbert gida na takwas, inda aka ce akwai soyayyen dankali.

Sai wajen ƙarfe shida suka koma coci. Shayin Fasto ya huce, babu kuma wanda ya iya ko kallon faranti. Mista Vane ya riga su dawowa, yana zaune a kan dakali, wandonsa fari da alli tun daga ƙugu har dunduniya, don da mazaunai ya gangaro. Osbert ya ji babu daɗi, ya cire hula zai ba Fasto haƙuri. Kafin ya buɗe baki baƙin suka tambaya ko za a maimaita wata mai zuwa.

Tun daga nan duk Asabar ɗin farkon wata Osbert yake jan mutane, tsofaffin ƙauyen kuma har faɗa suke yi kan wanda za a fara shiga gidansa.

Ranar da ya cika saba'in, Maud ta ja shi da ƙarfin tsiya har ƙololuwar tudun. Ya tsaya riƙe da hularsa, iska na kaɗa masa kunnuwa, ya daɗe yana kallon ƙauyen a ƙasa.

"To, yaya ka gani?" in ji Maud.

"Rufin gidanmu ya karkace," ya ce. "Mu sauka."