Shaidar da Yaya Rabi Ta Ƙi Biya

Bana shekara arba'in da rasuwar yayata Rabi, kuma har yau in na sauka Paraku ba na iya bin layin da ke bayan tashar jirgi. A can gidanta yake, ɗaki shida, wanda ta gina da sayar wa direbobi da leburori tuwo da goro, lokacin ƙasar nan tana Dahomey, Faransawa ba su daɗe da tafiya ba. Sunan mijinta aka sa a takardar fili, don a gidanmu na Jugu mace ba ta kai sunanta ofis.

Da auren ya mutu, ya ce gidan nasa ne. Ni na yi mata tafinta a kotu. Alƙali ya nemi shaida, kuma akwai: Sabi, maginin da ta riƙa sallama da hannunta, wanda ya koma noma a ƙauyensu wajen Seru. Aka ce sai ta biya mai kai sammaci, ta kuma ajiye kuɗin motar maginin da na kwanakin da zai bar gonarsa.

"Idi, in biya mutum don ya faɗi gaskiya?" ta ce mini. "Gobe a ce a Jugu 'yar Alhaji ta sayi shaida?"

"Yaya, doka ce, ba toshiya ba."

"A gaban liman wa ya taɓa biyan shaida? In yana tsoron Allah zai zo."

Kuɗin kuwa tana da su. Na ga kotunan Kumasi da Yamai da Kano, na san ko'ina haka ake yi, amma da harshe biyar a bakina na kasa gamsar da ita da namu. Da na so, da na hau mota na je Seru da kaina, sai dai kayan fataucina na jirana a Kumasi. Sammaci bai fita ba, Sabi bai ji labari ba, aka ba mijin nata gidan.

Yanzu jikokinmu mata suna sa sunansu a takarda tun kafin a haƙa tushe. Ina jin da Yaya tana raye za ta yi musu murna, ta kuma tambaya yaushe maganar mutum ta daina isa.

A ɗakin haya ta rasu, a Jugu. Ranar sadakar uku wani tsoho ya shigo, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Bayan addu'a ya miƙe a gaban liman.

"Ni ne Sabi magini. Sai jiya na ji abin da ya faru. Ku shaida, kowane bulo na gidan nan na Paraku ita ta biya ni."

Gidan bai dawo ba. Amma duk wanda ke zauren ya ji, kuma ba wanda ya biya shi ko dala.