Haƙoran Sitti Ba Na Cirewa Ba Ne

A unguwar Hindawiyya, can ƙasar Larabawa, muka taso, cikin wani tsohon gida mai hawa biyu. Da an sallame Magariba sai mu haye saman rufi, inda kakarmu, wadda muke kira Sitti, ke hura gawayin shayinta a kasko. Nan take mana tatsuniya da Hausa zalla, mu muna amsa mata rabi da Larabci.

Shekarar da nake aji uku dasashinta ya kumbura. Burodi ma sai ta jiƙa a shayi, aswakinta kullum da jini. Wani abokin Baba ya kawo shawarar a zare haƙoran duka, a sa mata na roba.

"Inna, halas, ya isa haka, a cire ki huta," in ji Baba.

"Wa ya ce maka na gaji? Da su na ƙetaro teku, da su za a binne ni."

Safe da yamma takan kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ta danna kanumfari a wurin. Maƙwabciyarmu 'yar Indiya, Ummu Salim, ta koya mata irin nasu: cokalin man riɗi a kurkure kafin karin kumallo, sannan a shafa kurkum. Sitti ta ce, "Bakin nawa tukunyar miya ne?" Amma ba ta taɓa tsallake rana ba.

Cikin makon nan, da kumatu a kumbure, ta tara mu. "Ga wata nan tafe, ku buɗe kunne."

Wai wani tsohon kare ne ke gadin garken awaki. Dasashinsa ya kumbura har haushi ya gagare shi. Kura ta yafa mayafi ta zo dubiya. "Sannu, Malam Kare. Ni wanzamiya ce, buɗe baki in zare maka haƙoran, ciwo ya ƙare." Kare ya ce, "Ciwona a dasashi yake, me ya kai idonki kan haƙora?" Ya lallaɓa ya lashi gishirin awaki, ya tauna bagaruwa, kullum, har kwana bakwai. Rana ta takwas kura ta dawo da ƙugiyarta, ta ce ya buɗe. Ya buɗe kuwa, ya cafke mata ƙafa. Sitti ta kwashe da dariya tana dafe kunci: "Shi ya sa har gobe take ɗingishi. Ƙurunƙus, a zuba mini shayi."

Baba yana bakin matakala yana ji. Washegari ya kai ta wurin likita, bisa sharaɗinta: a duba, ban da zarewa. Likita ya kankare dattin da ya taru, ya ce ta ci gaba da ruwan gishirin. Haƙori ɗaya da ya riga ya mutu ta yarda aka cire. Sauran ta tafi da abinta har kabari.

Sai da na haihu na gane kurar. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka, an yi mata dariya don ta amsa mini da Hausa a bakin ƙofa. Wata 'yar'uwa ta ce in daina yi mata Hausar, yarinya ta huta. Da taushin murya ta faɗa, cike da tausayi. Na je makarantar da kaina na ga malamarsu, aka tsawata wa yaran. Da muka fito na tambayi 'yata me za ta ci, da ƙarfi, da Hausa, a tsakiyar titi.