Yadda Wayata Ta Tona Asirin Abokina

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakol ta firamare a Cadawa, na sayi babbar waya ta farko a rayuwata, irin wadda ake shafa wa fuska. Ba ƙaramin ji da kai na yi ba. Duk gardamar da ta tashi a fadarmu ta shan shayi, ta ƙwallo ce ko ta siyasa, sai in ciro waya in ce a dakata in tambaya. Wayar ba ta da makulli, daga wannan hannu sai wancan kamar butar masallaci, ni kuwa ina ganin hakan karamci ne.

A fadar akwai wani abokina Bafillace, rugarsu tana bayan gari ta wajen hanyar Agiye. Bai yi lakol ba, amma kallo ɗaya zai yi wa saniya ya gaya maka abin da ke damunta. Muna tsokanarsa da Hausarsa, shi kuma yana ramawa da cewa mu Haɓe ba mu san komai ba sai gero. Mahaifiyarsa ce take kawo nono unguwarmu. A lokacin an sa masa ranar aure, bayan kaka.

Wata Asabar da hantsi ya same ni a gida, ya ce mu shiga ɗaki. Ya ciro wata takarda daga aljihu, ta sha ninki. Ashe ƙanwarsa ce ta haihu a asibitin Agiye, aka nemi jini, ya je zai ba da nasa. Da aka auna sai aka ce ba za a ɗiba ba, aka ba shi takardar, aka yi masa bayanin da bai fahimci rabinsa ba saboda kunya ta hana shi tambaya. Ya miƙo mini, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakol, ya ce, "Mushe, karanta mini. Amma ni da kai ne da Allah."

Ciwon hanta ne, irin wanda ƙwayarsa ke zama cikin jini. Na ɗauko waya na shiga wurin bincike, yana tambaya ina rubutawa da Faransanci. Ana warkewa? Mai shi zai iya aure? Ana ɗauka a kofin shayi? Shekara nawa mutum ke yi da shi? Amsoshin ba su kai munin abin da muka zata ba. Na karanta masa cewa ba a ɗauka ta cin abinci tare ko shan shayi a kofi ɗaya, akwai allurar rigakafi da za a yi wa amarya, kuma mutane da yawa suna daɗewa da shi in suna zuwa wurin likita. Ya sauke ajiyar zuciya, har ya yi dariya. Muka yanke shawarar bayan ya sayar da raguna biyu zan raka shi Maraɗi a ƙara dubawa.

Da ya tafi na mayar da waya aljihu. Ni da nake ganin kaina gwanin zamani, ban san duk abin da ka rubuta a wurin nan yana nan a jere yana jiran mai taɓawa ba.

Kwana huɗu bayan haka muna fada bayan la'asar, an sauke shayi na biyu. Ɗaya daga cikinmu, wani tela da ya ɗan taɓa lakol, ya karɓi wayata zai duba sakamakon wasa. Yana taɓa wurin rubutu sai tambayoyin suka zubo. Ya fara karantawa da ƙarfi cikin wasa, yana fassarawa, ana dariya. Da ya kai ta uku, ta kofin shayi, sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya dube ni, ya dubi kofin da ke hannuna, ya ce, "Mushe, kai ne?"

A nan ne na gaza. Da na ce wani darasi nake shiryawa, da an wuce wurin. Da ma na ce eh ni ne, mi ya faru, da na ɗauke masa kayan ko na ɗan lokaci. Sai tsoro ya kama ni, na hango iyayen yara suna janye 'ya'yansu daga ajina. Na shiga rantsuwa cewa wallahi ba ni ba ne, wani na nemo wa. Aka ce wa? Ban faɗi suna ba, amma idona ya riga bakina.

Abokina ya ajiye kofinsa a kan tabarma a hankali, ya ce, "Ku ƙyale shi. Ni na sa shi." Ya sa takalminsa ya tafi. Ba wanda ya kira shi, har da ni. Ina kallo mai dafa shayin ya ɗauki kofin da yatsa biyu ya jefa bayan katanga. Na sani, don na karanta da idona, cewa ba a ɗauka ta nan, amma ban buɗe baki ba.

Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta gama gari, kuma ta canja kama. Wasu suka ce sida ce, wato ƙanjamau. Matan unguwa suka daina sayen nonon mahaifiyarsa, ta riƙa komawa ruga da ƙwaryarta a cike. Gidan su yarinyar da zai aura suka aiko cewa a dakata tukuna, dakatawar da ba a sake tayar da ita ba. Sau biyu na kama hanyar ruga, sau biyu ina juyowa daga bakin gonaki. A na uku na tarar da turaku da toka kawai. Maƙwabta suka ce sun tashi da dabbobinsu, sun yi yamma.

Sai bayan shekara biyu na ji labarin suna wajen Cadakori. Na shiga mota ranar kasuwa, daga can na hau kabu-kabu har rugar. Ya rame, idonsa ya yi ɗorawa, amma ya tarbe ni kamar jiya muka rabu. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura. Na soma ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Daga nan ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kai na ba amana, ban san mu uku ne a ɗakin ba."

Na tambaye shi ko ya je Maraɗin. Ya ce a'a, tun daga ranar bai sake yarda ya miƙa wa kowa takarda ba, sassaƙe yake sha. Na roƙe shi mu tafi tare, ya ce sai bayan damina. Daminar ba ta ƙare da shi ba.

Yanzu wayata tana da makulli. Na koyi goge abin da na nema, na koyi buɗe shafin da ba ya ajiye sawu, na ma sauya wurin binciken gaba ɗaya zuwa wani da aka ce ba ya tara bayanan mutane. Har gobe ana kawo mini takardu in karanta, na asibiti da na buro, wato ofis, kuma a gaban mai takarda nake gogewa kafin ya tashi. Duk wannan ya kamata, ku ma ku yi, musamman in wayarku tana shiga hannun jama'a. Sai dai ba na ruɗin kaina. Waya ta fito da tambayoyi ne kawai, ba ta san sunan kowa ba.

Da na je gaisuwar rasuwarsa, mahaifiyarsa ta gane ni. Ta sa aka kira ni bakin bukkarta, ta yi ta sa mini albarka cikin Hausarta mai haɗe da Fillanci. Ta ce duk cikin abokansa na gari ni kaɗai na biyo sawunsa har nan. Ta ce har ya koma ga Allah bai gaya mata wanda ya fitar da maganar a Cadawa ba, ita kuma ta bar mutumin da Mahaliccinsa. Na sunkuyar da kai na ce amin. Tana raye har yanzu, duk sallah ina zuwa gaishe ta, kuma ban gaya mata ba.