Gem Ɗin Habu Har Gado An Ci

Shekara bakwai ke nan da muka kai Habu makwancinsa. Ni Sagiru, taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa, wanda ya bar boko a aji uku saboda ni da lissafi mun kasa jituwa, yau ni ne nake rubutu a jarida. Da yana raye ya ga sunana a nan, wallahi sai ya tara yaran unguwa ya ce su binciko masa wanda na biya ya rubuta mini. Kada wani ya ce ina yi wa mamaci rashin kunya. Wasan taubashi mutuwa ba ta kashe shi. Shi yana ce mini bawansa, ni ina ce masa bawana, har ya tafi ba a raba wannan gardamar ba.

Duk ɗan Daura da ya taɓa riƙe fad ɗin buga gem a hannu ya san shagon Habu na bayan tasha. Benci biyu, talabijin mai ƙaton ƙeya, da ɗan janareta da sai an lallashe shi kamar jariri kafin ya tashi. Babansa, Kawu Alhaji Ila, dillalin shanu ne, kuma a kara, wato kasuwar shanu, Habu ya tashi. Tun yana ƙarami yake buɗe bakin bijimi ya gaya maka shekarunsa. Kawu ya gama sa rai ya samu magaji, sai ga yaro ya girma ya ce shi gem zai buɗe, yara su riƙa buga ƙwallo a talabijin. Kawu bai taɓa kiran wurin shago ba. "Ɗakin shashanci" yake cewa.

To shekarar da nake son ba ku labari, tsohuwar na'urar Habu ta fara tari. Ana tsakiyar wasa sai ta ƙame, ɗan wasa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe. Yara suka fara janyewa. Nan Kawu ya samu ƙofa. Ya kira Habu a gabana ya ce ya ba shi zuwa Babbar Sallah. In shago ya tsaya da ƙafarsa, shi ke nan. In bai tsaya ba, a sa masa kwaɗo, Habu ya ɗauki sanda ya bi shi kasuwar Mai'adua. Habu ya ce ya ji. Ya sayar da bijimin da ya daɗe yana kiwo, kuma abin da ya samu na'ura ɗaya tak zai saya. Ba zaɓi na biyu.

Lokacin kuwa sababbin na'urori biyu ne ake ta rigima a kansu. Ba zan faɗi sunan kamfanoninsu ba, ba su biya ni kuɗin talla ba. Mu dai a Daura mun raɗa musu suna: ta faifai da ta sabis. Ta faifai, ka sayi faifan wasa ka zura mata, ta ci, ku hau bugu. Ta sabis kuwa ta fi ƙyalli, hotonta kamar ka miƙa hannu ka taɓa gumin ɗan wasa, kuma kana zaune a Daura za ka iya karawa da wani a wata ƙasa. Amma wasanninta ta waya ake sauke su da sunanka, kuma lokaci-lokaci sai ta leƙa intanet ta gai da masu ita kafin ta yarda ta buɗe.

Oga Chinedu, mai shagon kayan wuta na bakin kasuwa, shi ya ɗauko su daga Kano. Mutumin nan ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya jera su a kan kanta, ya kunna ta sabis, duk muka saki baki. Habu bai ko kalli hoton ba. Zagaya ta yake yi, yana leƙa bayanta, kamar yana duba kofato.

"Oga, in na biya, igiyar tana hannun wa?"

Chinedu ya ce, "Wace igiya kuma, Habu? Ga wayar wuta nan a kwali."

Wanda bai san kara ba, bari in gaya masa. In an gama ciniki an ce an sallama, mai bijimi yakan miƙa maka igiya. Daga nan naka ne, ka yanka, ka sayar, ka ara wa maƙwabci ya yi huɗa, ba ruwan kowa. In dai igiya tana hannun wani, to ba a gama ciniki ba, ko da kuɗinka sun shiga aljihunsa. Abin da Habu yake tambaya ke nan.

"In Lawali na Baure ya ce in ara masa wasan ƙwallo fa?"

"Wannan ba ya aruwa."

"In na gaji da wasa ina so in sayar?"

"Ba ya sayuwa. Da sunanka yake."

"In sabis ya ɗauke?"

Chinedu ya sosa kai ya ce, "Sai ka yi haƙuri ya dawo."

Habu ya juyo ya kalle ni. "Bawa, ka ji? Wannan ba sayarwa suke ba. Kiwo za su ba ni. Ni da ciyarwa, ni da shara, su da saniya." Ya ɗora hannu a kan ta faifai ya ce a naɗe masa.

Maganar aro ba ƙaramar magana ba ce a wajensa. Shi da Lawali da sauran masu shagon gem na Baure da Mai'adua suna da wata al'ada. Ba wanda yake iya sayen duk wasanni, don haka ranar kasuwa sai a sa faifai a ledar burodi a ba ɗan acaɓa. Na dambe ya tafi Baure, na tseren mota ya taho daga Mai'adua, bayan an ɗan kwana biyu a sake juyawa. Da haka kowa shagonsa yake zama sabo. Habu ya ce duk na'urar da za ta raba shi da wannan zumuncin, ko da zinari aka yi ta, ba ya so.

Ta sabis ɗin kuwa Mubarak ne ya saye ta, wani ɗan gayu da ya yi karatu a Katsina ya dawo ya buɗe shago a kan babban titi, da fanka da kujerun roba da ƙatuwar talabijin shafal kamar allo. Jama'a, mun sha wuya. Yara suka kwashe kaf suka koma can. Aka sa wa Habu suna Habu Gargajiya. In ya wuce sai ka ji ana cewa a ba shi hanya, tsohon zamani zai wuce. Wuni guda mu biyu za mu zauna, yana lallasa ni da ƙwallo yana cewa ko ƙafar katako aka sa wa ɗan wasa ya fi ni. Da la'asar Kawu zai biyo a babur, ya rage gudu, ya kalli bencin da ba kowa, ya ce, "Habu, an yanko maka sanda, tana zaure." Ya ja babur ɗinsa. Ni na san maganar tana cin Habu, don ranar da aka faɗe ta ba ya gama tuwonsa. Amma ko sau ɗaya bai ce ya yi kuskure ba. Abin da yake cewa kawai, kayan aro ba ya rufe katara.

Sallah ta zo. A al'adarmu washegarin Sallah ake gasar ƙwallon gem, 'yan Daura da 'yan Baure da 'yan Mai'adua, kowane gari da gwanayensa. A da shagon Habu ake yi. Wannan shekarar ko shawara ba a yi da shi ba, aka ce wajen Mubarak. Habu ya rufe shago ya koma gida babbakar kan rago. Ni kuwa ƙafata ba ta zama, na tafi kallo.

Bayan azahar wuri ya cika, babura har bakin kwata, kowa da sabuwar shadda. Sai dai abin da ba wanda ya lissafa, garin ma ya cika. Duk 'yan Daura na Kano da Abuja sun dawo gida, kowa yana kiran barka da Sallah, kowa yana tura hoton ragonsa. Sabis ya shaƙe. Mubarak ya kunna na'ura, ta rubuto wani dogon Turanci. Ya kashe ya kunna, ta sake rubutowa. Aka ce me take cewa? Ya ce wai tana so ta tabbatar shi ne mai wasan. Wani ɗan Mai'adua ya ce, "To ka rantse mata mana!" Wuri ya fashe da dariya. Mubarak ya cire babbar riga, ya hau kan tankin ruwa yana ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Na'ura dai ta ce ba ta san zance ba. Ga wasa ya biya kuɗinsa, ga wuta, ga 'yan kallo, amma masu igiya suna can wata duniya ba su amsa sallama ba.

Lawali na Baure ne ya fara miƙewa. Ya ce shi bai ƙona mai tun daga Baure don ya kalli Turanci ba, ina Habu? Ban jira an aike ni ba. Na same shi tsugune a gaban wuta, hannu duk baƙi. Na ce tashi, bawa, kasuwarka ta ci. Ko wanka bai yi ba. Yana ƙaurin babbaka ya zo ya tarar da jama'a sun cika ƙofar shagonsa, waɗanda suka sa masa suna Gargajiya su ne a sahun gaba. Ya buɗe kwaɗo a hankali, yana jan rai. Janareta ya tashi bugu ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Ya goge faifai da gefen riga ya zura. Da ihun filin wasa ya fito daga talabijin, wallahi ihun da aka yi a waje ya danne shi.

Matsala ɗaya, talabijin ɗinsa ta yi wa taron ƙanƙanta. Habu ya hango Mubarak a can baya yana saɓe da riga. Ya ɗaga murya ya ce, "Mubarak, don Allah ara mana talabijin ɗinka. In dai ita tana aruwa." Ranar har masu shayi sai da suka riƙe ciki. Mubarak, Allah ya ba shi haƙuri, ya yi dariya shi ma, ya je ya ɗauko da kansa.

Ana cikin wasan ƙarshe Kawu ya iso, babura sun tare masa hanya. Ya sauka ya tambayi abin da ake. Aka ba shi labari tun daga tambayar da Habu ya yi a shagon Chinedu. Ya kalli ɗansa ya ce, "Ashe dai zaman kara bai tashi a banza ba." Daga ranar ba a sake maganar sanda ba, kuma a bakinsa ɗakin shashanci ya koma shagon Habu. 'Yan Baure ne suka ci kofin, amma kowa ya san wanda ya ci Sallah.

Yanzu in na duba yadda abubuwa suka koma, sai in ce ina ma yana nan, don in ji bakinsa. Sababbin na'urori wasu ko bakin zura faifai ba su da shi. Wasa duk wata sai ka biya, ranar da ka fasa a rufe maka ƙofa. Waƙa haka, fim haka. Mubarak da kansa, wanda yanzu waya yake sayarwa kuma mun zama abokai, ya gaya mini layinsa ya taɓa ɓata, ya manta lambar sirri, duk wasannin da ya tara suka bi iska. Na san abin da Habu zai ce: cinikin biri a sama. Amma kada in yi masa ƙarya, ba maƙiyin zamani ba ne. Sabis ya gyaru a Daura fiye da da, kuma da ya ga yaran unguwarmu suna lallasa wasu a ƙasashen da ba mu iya faɗin sunansu ba, da shi zai fi kowa ihu. Abin da ba zai yarda da shi ba har gobe, a karɓi kuɗinka a ce ka saya, alhali aro aka ba ka.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Da damina ne, zazzaɓi, kafin mu farga an ce sai haƙuri. Ya bar mata da 'ya ɗaya, Ummi, lokacin tana rarrafe. Da aka zo rabon gado, aka fito da kayansa tsakar gida, har da na'urar da kwalin faifai. Liman ya ɗauki faifai ɗaya yana juya shi a rana, ya ce wannan kuma mene ne, dukiya ce ko tarkace? Kowa ya kalle ni. Liman ya ce ana sayarwa? Na ce ana sayarwa, Malam. Ana bayarwa kyauta? Na ce ana bayarwa. Ya ce to dukiya ce, a sa a rabo. Aka ƙiyasta, suka faɗo a kason Ummi. Kawu ya juya fuska yana share ido da hannun riga. Ni kuwa ga hawaye ga dariya, don ban taɓa jin an ci gadon gem ba sai a gidanmu.

Shagon yana nan, ni nake riƙe mata. Mun ƙaro sababbin kaya, amma tsohuwar tana kan teburinta, tana aiki, kuma ranar kasuwa ledar burodi tana zuwa Baure tana dawowa. Daga nan ake yi wa Ummi ɗinkin makaranta. Mutane suna barin gidaje da gonaki, Habu bai kai nan ba. Abin da ya bari kaɗan ne, amma nasa ne tsaf, shi ya sa ya iya barinsa.

Ran Juma'ar da ta wuce Ummi ta biyo shago daga islamiyya, ta same ni ina goge wani faifai da ya fara ƙarcewa. Ta tsaya ta riƙe ƙugu, irin tsayuwar ubanta sak, ta ce, "Baba Sagiru, a hankali dai. Nawa ne."

Na ce ranki ya daɗe, na ji.

Allah ya haskaka kabarinka, Habu, ya raya abin da ka bari.