Hulunan Direbobi a Dalbejiyar Baba Isiyaku

Kafin jiniyar masaƙun Kakuri ta kira ma'aikatan safe, Baba Isiyaku ya riga ya iso gindin dalbejiyarsa a bayan tashar motar unguwar Television. Zai jingine keke, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya jera sufanu a kan tsumma. Koko da ƙosai a tsaye yake shan su, kunnensa na kan titi. In mota ta wuce tana huci ta ƙasa, sai ya bi ta da ido ya ce, "Wannan tana hanyar zuwa wurina, direbanta ne bai sani ba."

Aikinsa gyaran salansa, bututun nan da ke fitar da hayaƙin mota ta baya. A gefen bishiyarsa na yi ta jiran bas tun ina firamare har na gama jami'a, kuma ban taɓa ce masa fiye da "Ina kwana, Baba" ba. Amma na kalli hannunsa shekara da shekaru.

Yawancin direbobi walda suke so, a liƙe mahaɗar bututun su kama hanya. Baba ba ya yarda. Yakan ce inji rawa yake yi, wanda ya hana ƙarfe rawa kuwa karyewa ya kira masa. Shi sai ya kankare tsatsa, ya haɗa bakin bututu da bakin ɗan'uwansa, ya ɗaure da noti, ya ƙara wani noti a bayan na farko don ya tokare shi. Daga nan ya yanko roba daga tsohuwar taya ya rataye salansar, ta samu wurin lilo a kan ramukan hanyar Narayi.

Duk da haka aiki bai ƙare ba. Ƙarfe in ya sha zafi yakan buɗe, notin da aka ɗaure da sanyi sai ya saki. Saboda haka dole direba ya je ya yi lodi ɗaya, ya dawo a sake ɗaurewa. Direban bas kuwa in ya ga fasinja, ko sunan uwarsa yana iya mantawa. Wannan ya sa Baba ya ƙirƙiro dokarsa: da ya fito daga ƙarƙashin mota, sai ya miƙa hannu ya cire hular direba ya rataye a ƙusar da ke jikin dalbejiya.

"Haba Baba, da wannan sanƙon zan shiga gari?"

"Sanƙonka ba ya kashe kowa. Je ka dawo."

Wanda ba shi da hula, agogo ko tabarau yake bari. Duk Television an san cewa direban da aka gani kai ba hula, daga wurin Baba yake.

Ranar Asabar ɗin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula a watan Mayun bana, gari ya tashi da murna da hadari. Zumuntar matan wata ikilisiya a Narayi suka ɗauki shatar bas ɗin wani direba, Daniel, zuwa Kakau don sujadar godiya. Da sassafen ranar ne Baba ya haɗa masa mahaɗar da ke daidai ƙarƙashin kujerar baya, inda tsatsa ta huda daɓen motar. Ya nuna masa ramin da yatsa, ya cire masa hula. Daniel ya yi lodin safe, ya duba lokaci, ya ga mata na jira da gangunansu. Bai dawo ba.

Wajen hantsi ruwa ya sauko. Baba ya ɗaga kai ya ga hula ɗaya tana ɗiga a jikin bishiya. Ya tambaya a tasha, aka ce ai Daniel ya wuce Kakau da mata cike da mota. Ruwa na nufin an rufe gilasai, hayaƙin da zai shiga ta ramin daɓe in noti ya saki kuma ba shi da mafita. Mai shayin wurin ya ce bai taɓa ganin Baba ya bar sufanunsa a shimfiɗe ba sai ranar. Baba ya ɗauki sufana ɗaya, ya cusa hular a aljihu, ya tare ɗan acaɓa.

Sauran labarin daga bakin Mama Dorcas na ji shi, shugabar zumuntar, wadda ke kujerar baya da jikarta a cinya. Ta ce tun daga fita gari waƙar 'yan baya ta fara mutuwa, kai na sara musu, suka ɗauka azumin da suka yi ne. Yarinyar kuwa ta yi barci, barcin da ko ƙarar ganga bai motsa ta ba, ita kuma tana jin daɗi wai jikarta ba ta da rigima. Sai ga wani dattijo a jiƙe sharkaf a bayan acaɓa, yana dukan jikin motar da sufana.

Daniel ya tsaya ya leƙo. "Baba, lafiya? Saboda hula kawai?"

"Kashe injin! Ku buɗe ƙofa, ku fito da na baya!"

Suka firfito cikin ruwa, wasu na tangaɗi, wata na amai a bakin titi. Yarinyar ba ta buɗe ido ba. Mama Dorcas ta ce ta kira sunan Yesu har muryarta ta dushe, Baba na cewa a ɗaga ta sama ta sha iska. Can sai yarinyar ta yi tari, ta tsala kuka. "Ban taɓa jin waƙa mai daɗin kukan nan ba," in ji Mama Dorcas. Wata mota ta kai su asibiti, kuma yau yarinyar tana guje-guje a Narayi.

Baba bai yi wa Daniel faɗa ba. Ya kwanta a cikin taɓo, ya ɗaure notin da ya saki, ya toshe ramin, ya fito ya kifa masa jiƙaƙƙiyar hular a ka.

Baba Isiyaku, kai ne ka ɗauki abin da ke ƙarƙashin mota, inda ido ba ya zuwa, ka riƙe shi amanar rai. Dattijo mai hana hayaƙi shiga gida. Mu da muka yi shekaru muna gyangyaɗi a kujerar baya, muka sauka lafiya, ba mu san hannun wa ya tsare mu ba. Muna alfahari da cewa namu ne kai, mutumin wannan unguwa tamu.

Makon jiya ya ajiye aiki. Bayansa ya ƙi lanƙwasuwa, zai koma gida Zonkwa ya yi noman citta. Da ya iso ranar ƙarshe, ya tarar babu sauran wurin rataya a jikin dalbejiya: direbobin tasha duk sun rataye hulunansu, suna tsaye kai ba komai. Daniel ne a gaba.

"Yau kuma wa ya tambaye ku?" in ji Baba, yana goge ido da bayan hannu.

"Mun dawo ne a sake ɗaurewa, Baba."

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da damina mai albarka. Ku kuma da kuka rage, makanike ko malamin makaranta ko sababbin shugabannin da muka zaɓa, duk abin da kuka ɗaure da sanyin safiya, ku koma ku duba shi bayan ya sha zafi. Akwai mutane zaune a kujerar baya.