Sawun Hannuna a Farin Bango

Wannan ba tatsuniya ba ce, a gidan da nake zaune har yau aka yi ta. A shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo ne, hatsi ya bi shi a guje. Ƙauyenmu na arewa da birni, inda gona ke jingine da gona, maƙwabci na jin tarin maƙwabci. Ni ke aunawa a gidanmu, don haka ni na fara sanin ba za mu kai kaka ba. Ruwan fari bai sauka ba, amma kwano ya fara taɓa gindin rumbu.

Ana haka sai ga ɗanmu na uku a bayan babur, rungume da kwali kamar mai ɗauke da jinjiri. Direba ne a gidan wani Alhaji a birni. Alhajin ya ajiye motoci saboda tsadar mai, ya sallame shi, ya ba shi abin da ke cikin kwalin a matsayin kyautar rabuwa.

"Majigi ne, Inna," in ji shi. "Na manya. Ɗaki guda Alhaji ya ware masa, da kujeru masu laushi."

Majigin da na sani ina yarinya a mota yake zuwa dandali, ya nuna mana yadda ake shuka gyaɗa. Wannan kuwa bai fi akushi babba ba, baƙi wuluk, da ido ɗaya a gaba. Malam, maigidana, yanar ido ta riga ta rufe masa gani, haske da inuwa kawai yake rarrabewa. Ya sa aka ɗora masa shi a cinya, ya shafa bayansa, ya lalubi cikinsa, ya jijjiga nauyinsa, yadda yake yi wa rago a kasuwar Zakirai.

Na ce, "Me yake ci?"

"Wuta, Inna."

"Me yake haifa?"

"Hoto."

"To, dabbar da ke ci ba ta ba da nono, ba ta ba da taki, ba a kwana da ita a gidan talaka. A kai shi kasuwa."

Ɗan ya yi dariya, ya ce dama akwai mai so a birni, kuma abin da zai bayar zai kai mu kaka har a sami takin zamani. Ranar Jumma'a za a kai masa. Na yi hamdala. Malam dai bai sauke hannunsa daga kan abin ba. Can ya ce, "Yana ƙara wa abu girma?"

"Baba, fuskar mutum sai ta cika bango."

Sai da safe, na kai wa Malam koko, ya yi magana yana fuskantar wani gefe. "Taron sunan nan da aka yi a birni, wanda aka ɗauka a waya. An ce waccan tana ciki."

Waccan ita ce 'yarmu ta fari. A wurinmu uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa tsayawa su dube shi a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, katanga ɗaya tsakaninmu. In ta durƙusa gaida Malam, sai ya amsa yana duban sandarsa. In ta faɗi ta fasa gwiwa, ni sai in aika a duba ta, in koma ɗaki in ciji zane. Ta yi aure, ta haihu, ta yi furfura ɗaya biyu, sannan zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta, damina biyu kafin zuwan majigin. A zaman makoki ma ba mu yi kuka a gaban jama'a ba. An taɓa miƙa wa Malam wayar ya gani, ya kai ta har kan hancinsa, ya mayar ya ce haske kawai yake gani.

Na tambayi ɗan abin da majigin ke bukata. Ya ce wuta da farin bango. Wuta babu a ƙauyenmu sai injin mai cajin waya. Bango kuwa duk jar ƙasa ce.

Na ɗauki ƙwarya da fartanya na tafi ramin da mata ke haƙo farar ƙasa in za a gyara ɗakin amarya. Rabona da wurin an daɗe, gwiwoyina sun gaya mini haka a hanya. Na jiƙa ta ta kwana. Da safe na shafe bangon turakar Malam da tafin hannu, zagaye bisa zagaye, yadda uwata ta koya mini, don in ya bushe ya fito da ado. Sannan na kama jar kazata na aika wa mai cajin waya, ya ba mu aron inji da man zama ɗaya.

"Inna, ba ke kika ce a kai shi kasuwa ba?" in ji ɗan.

"Kazar ta daina ƙwai."

"Jiya na ga biyu a akurki."

"Idonka ya cika gani. Je ka ɗauko injin."

Da ya dawo ya ga bangon, sai ya dafe kai. "Inna, ai sumul ake so, kamar faranti. Duk wannan sawun hannun zai fito a hoton. Alhaji ƙyalle na musamman ya sa aka kawo masa."

Na ce ni ba Alhaji ba ce, kuma ƙasar ta riga ta bushe.

Ranar Alhamis, da aka idar da magariba, Malam ya ce a ja ƙyauren zaure. Mu uku ne a turakar. Injin ya tashi a bayan ɗaki, idon majigin ya buɗe, sai ga tsakar gidan birni a jikin bangonmu, mata da tukwane da hayaniya, har ana ganin tururin shinkafa. Sai ga ta ta fito daga gefe da faranti a hannu. Wani ya tsokane ta, ta juyo tana dariya. Nan ɗan ya tsayar da hoton, ya jawo fuskar har ta cika bangon daga ƙasa zuwa azara.

Malam ya miƙe ba sanda. Ya taka har gaban bangon, sai fuskar ta ɓace, inuwarsa ta rufe ta.

"Baba, koma gefe kaɗan, kana tare hasken."

Ya koma gefe, ya karkata kai, ya daɗe a haka. Ni ina zaune a bakin gado, na riƙe gefen zanena.

"Ashe wushirya gare ta," ya ce.

"Irin ta mahaifiyarka," na ce masa.

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Da wane bakin, Malam?"

Ya ɗaga hannu ya bi kumatunta da yatsa, ya ji tudu da kwari. "Wannan zanen fa?"

Ɗan ya buɗe baki zai ba da haƙuri, na riga shi. "Hannuna ne. Shafen bango ne ya fito."

Sai a lokacin na duba da kyau. Sawun yatsuna biyar ya zagayo daga goshinta ya sauko kumatu ya tsaya a haɓa, kamar mai share wa yarinya fuska bayan wanka.

"Bar shi nan," in ji Malam. Sannan ya kira sunanta, sau ɗaya, a hankali, kamar mai gudun kada ta farka. Ni har yau bakina bai iya ba.

Kafin kiran isha'i man ya ƙare, injin ya yi tari ya mutu, bangon ya koma bango.

Da gari ya waye, ni da na ce a sayar, ni na je na tsaya a kan kwalin. Na ce a bar shi ko da mako guda, ina da wata kazar.

"In an bar shi me za ki auna mana?" in ji Malam. "'Ya'yanta ma suna zuwa cin tuwo a gidan nan. Na gani, ya ishe ni. A kai shi."

Aka ɗaure kwalin a bayan babur. Bayan kwana biyu gero da dawa suka iso daga Dawanau, da buhun taki. Muka kai kaka, ba wanda ya kwana da yunwa.

Kafin wata damina idon Malam ya rufe gaba ɗaya. Ya sa aka juya masa buzunsa, yanzu in ya gama lazimi farin bangon yake fuskanta. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai in je ramin farar ƙasa in sabunta shafen, ina bin tsohon sawun a hankali don kada in kauce. Yana jin motsin hannuna a bango sai ya ce, "Kin kai haɓar?" In ce saura kaɗan.